An soke mini lasin tuƙi a Ingila, har yau matata ba ta sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina zaune a wani gari a arewacin Ingila da matata da yara biyu. Shekara 3 ke nan da zuwana. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma kamfanin da nake yi wa aikin shi ya tsaya mini na samu biza. Aikin na yawo ne, a rana nakan shiga gida 9 ko 10, da motata nake zagayawa. Wata 20 da suka wuce na ci jarrabawar tuƙi ta nan bayan na faɗi sau biyu. Kafin in ci, sai da na yi wata 4 ina bin motar wani abokin aiki.

Kwanakin baya ina tsaye a danja ƙanena ya kira daga Zariya. Hajiyarmu na asibiti a lokacin, sai na ɗauki wayar. Ashe ɗan sanda na gefena. Na biya tarar fam 200, na ɗauka magana ta wuce. Sai ga wasiƙa daga DVLA, hukumar da ke ba da lasin tuƙi a nan, cewa an soke lasina. Yau kwana 9 ke nan, kuma kullum ina fita da motar, domin ban san abin da zan ce wa manaja ba. Matata ma ban gaya mata ba, don ta sha yi mini faɗa a kan waya. Wani abokina da ya daɗe a nan ya ce in riƙa amfani da lasina na Najeriya, babu mai dubawa. Wani kuma ya ce ya san wanda zai zauna mini jarrabawar kwamfuta in na biya. Ni ke sayen maganin Hajiya duk wata. Ba na iya barci, kuma haushin ƙanena nake ji. Me zan yi?

Ɗan'uwanki a Ingila

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karatu na biyu inda na tsaya shi ne wurin da ka ce kwana 9 kana fita da motar. Soke lasin bai tayar mini da hankali kamar wannan ba. Don haka daga nan zan fara, sauran maganar ta biyo baya: gobe da safe kada ka tayar da motar nan. Ko zuwa masallaci, ko kai yara makaranta, ko gida ɗaya tak na wata tsohuwa da ke jiran maganinta.

Bari in yi maka lissafin da na san kana gudun yi. Makin laifi 6 ke kanka yanzu, wato makin da ake rubuta wa direba a lasinsa in ya karya dokar tuƙi. In aka tsayar da kai kana tuƙi ba lasi, maki 3 zuwa 6 ne za a ƙara. Sannan kamfanin inshorarka, wanda ba ka sanar da shi komai ba, yana iya cewa yarjejeniyarku ba ta shafi wanda ba shi da lasi ba. In hakan ta faru an kama ka da tuƙi ba inshora ke nan, shi kuma maki 6 zuwa 8 ne. Haɗa da 6 ɗin da ke kanka, ka kai 12. Duk wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3, kotun majistare ce ke kiransa, kuma abin da aka saba yankewa shi ne hana tuƙi na wata 6. 'Yan sanda kuma suna da ikon ɗauke motar a nan take, sai ka biya kuɗi kafin a sake ta. Wannan duk in ba a yi hatsari ba ke nan. In ka bugi wani, ko kana ɗauke da ɗaya daga cikin tsofaffin da aka ba ka amana, maganar ta wuce ta maki. Ana kukan targaɗe ne, kai kuma kullum da safe kana fita neman karaya.

To amma ga abin da nake so ya sanyaya maka zuciya. Abin da ya same ka da hanin kotu ba ɗaya ba ne. Wanda kotu ta hana tuƙi sai ya zauna ya ƙirga kwanaki har wa'adinsa ya cika. Kai ba a sa maka wa'adi ba. Dokar sababbin direbobi ta 1995 ce ta hau kanka, wadda ta ce duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarrabawarsa ta farko, a mayar da shi ɗan koyo. Iyakarta ke nan. Tun ranar da wasiƙar ta zo kana da damar neman lasin koyo, ka sake jarrabawar kwamfuta da ta kan titi, a mayar maka da cikakken lasinka. Kuma dokar sau ɗaya take cin mutum: in ka sake ci, ba za a ɗora maka wata sabuwar shekara 2 ta gwaji ba. Kwana 9 ɗin da ka yi kana ɓuya, da takardarka ta riga ta kama hanyar Swansea, garin da ofishin DVLA yake.

Na san abin da ke cin ranka: saura 'yan watanni ka fita daga shekara biyun, kuma motar a tsaye take, kuma kiran asibiti ne. Duk na yarda akwai ciwo. Sai dai dokar ƙasar ba ta bambanta mai tafiya da wanda ya tsaya a danja ko a cunkoso ba, in dai wayar na hannunsa. Tun watan Maris na 2017 aka ninka hukuncin daga maki 3 da fam 100 zuwa maki 6 da fam 200, a Maris na 2022 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗa da kusan duk wani taɓa waya da ke hannu, ko da duba lokaci ne. Shi ya sa sabon direba laifin waya ɗaya ya ishe shi. Ranar da aka yi laifin ita ake dubawa, ba ranar da aka biya tara ba. Kuma DVLA ba ta sauraron uzuri a kan wannan, domin ba hukunci take yankewa ba, maki take ƙirgawa. Wurin da ake kai uzuri kotu ne, tun kafin a amsa laifi. Kai ka riga ka amsa ka biya, don haka kada ka zuba kuɗinka da begenka a neman ɗaukaka ƙara. Ka zuba su a jarrabawa.

Shawarar abokinka ta lasin Najeriya kuwa, ina kyautata masa zato, tausayinka ya ji. Amma shawarar ba ta da ƙafa. Lasin Najeriya yana aiki a Birtaniya ne na wata 12 kacal daga ranar da mutum ya zama mazaunin ƙasar, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba, kuma takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa ba ta ƙara ko kwana ɗaya a kai. Kai da kanka ka san haka, ai dalilin da ya sa ka yi wata 4 a motar abokin aiki ke nan. Batun babu mai dubawa kuma, a can ba sai an ce maka kawo takardunka ba. Ɗan sanda sunanka da ranar haihuwarka kawai yake bukata, komai ya fito masa daga rumbun DVLA. Ɗayan mutumin, mai cewa a zauna maka jarrabawa, ka goge lambarsa. Wannan zamba ce da ake ɗaure mutane a kanta, da wanda ya zauna da wanda aka zauna wa. Mutumin da zamansa a ƙasa ya rataya a kan biza, wanda wata rana zai cike takardar neman zaman dindindin a tambaye shi ko kotu ta taɓa samunsa da laifi, bai kamata ko zancen ya tsaya saurara ba. Balle ma jarrabawar da ka taɓa ci da kanka.

Ga yadda zan bi da shi in ni ce. Gobe ka je gidan waya da ke harkar DVLA ka karɓi fom D1, ka cike neman lasin koyo, ka haɗa da kuɗin da aka ƙayyade ka aika a ranar. Ka ajiye wasiƙar soke lasin a wuri mai kyau, ka ɗauki hotonta. Da zarar lasin koyon ya iso, ka kama ranar jarrabawar kwamfuta a shafin gwamnati, fam 23 ne. Tambaya 50 ce, ana so ka ci 43, sai ɓangaren hango hatsari mai bidiyo 14 da ake so ka samu 44 cikin 75. Kada ka raina ta don ka taɓa ci, mutum yana mantawa, kuma faɗuwa ɗaya ƙarin jira ne. Ka ba ta minti 30 kullum bayan isha. Ba za a bar ka ka kama ranar jarrabawar kan titi ba sai ka ci wannan, kuma a nan ne ainihin jiran yake. Kuɗinta fam 62 ne a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako, amma a garuruwa da yawa layin yakan kai watanni. Ka kama duk ranar da ka samu, sannan ka riƙa leƙa shafin a kai a kai, domin mutane suna fasawa gurbi ya buɗe. Masu tallar rana a WhatsApp da ninkin kuɗi, ka bar su da kayansu.

Sai wata magana da direbobi irinka ba sa so a faɗa musu. Wanda ya iya tuƙi ya fi ɗan koyo saurin faɗuwa a wasu wurare, domin hannunsa ya saba da abin da ya saba. Shekarun da ka yi a titunan gida da wata 20 na sauri tsakanin gidajen tsofaffi sun koya maka riƙe sitiyari da hannu ɗaya, da duban madubi da wutsiyar ido yadda mai jarrabawa ba zai gani ba, da kutsawa shataletale da ƙarfin hali. Kusan rabin masu shiga jarrabawar nan ne kawai ke ci. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15 a cikin tuƙin, amma babban kuskure ɗaya ya gama da kai. Ka ware kuɗin awa 4 ko 5 da malamin tuƙi mai rajista, wanda ke da koren kati a gilashin motarsa, ka ce masa ya yi maka gwaji kamar na gaske ya faɗa maka gaskiya. Ka kuma tuna, in ka yi jarrabawar da mota otomatik, lasin otomatik kaɗai za a ba ka.

A nan ne abokin nan naka zai yi amfani. Ka ce ya daɗe a ƙasar. In ya haura shekara 21 kuma ya riƙe cikakken lasin Birtaniya na shekara 3, doka ta yarda ya zauna a gefenka ka tuƙa motarka da alamar L gaba da baya, ban da kan manyan hanyoyin nan masu shuɗin allo. Sharaɗi shi ne inshorar ta san kai ɗan koyo ne yanzu, kuma kada ka biya shi ko sisi, don doka ta hana wanda ba malami mai rajista ba ya karɓi kuɗin koyarwa. Shi ma ba zai taɓa waya ba muddin yana gefenka. In da gaske taimakonka yake so ya yi, ga hanya, ya ba ka safiyar Asabar ɗinsa. Kamfanin inshorar kuwa ka kira su gobe, kada ka jira. Kuɗin zai tashi, wannan babu makawa, kuma makin zai zauna a takardarka shekara 4 daga ranar laifin, su kuma masu inshora sukan tambayi abin da ya faru cikin shekara 5. In ka ga ba za ka iya ba, kuma kana da wurin ajiye motar da ba kan titi ba, ka sanar da DVLA cewa ka jingine ta, sai ka huta da harajin hanya da inshora har ka ci jarrabawa. Mota a bakin titi kuwa dole ta kasance da duka biyun ko ba ta motsi.

Yanzu manaja. Na fahimci tsoron, kuma ba tsoron banza ba ne. In kamfanin da ya tsaya maka ya sallame ka, galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara, kuma bizar matarka da ta yaran a jikin taka suke. Amma ka duba ta wajen manajan. Kamfanonin kula da tsofaffi suna duba lasin ma'aikatansu lokaci zuwa lokaci, su ce ka turo lambar dubawa daga shafin DVLA. Ranar da aka ce ka turo, me za ka ce? Ma'aikacin da ya zo da kansa ya ce an soke mini lasi, ga ranar da na nemi na koyo, ga yadda zan ci gaba da aiki kafin nan, matsala ya kawo wadda ake iya zama a warware. Wanda aka gano kuwa, amana ya ci, kuma a aikin da ake ba mutum makullin gidan tsohuwa mai shekara 85, cin amana shi ne abin da ba a yafewa. Kafin ka shiga ofishin, ka karanta takardar ɗaukarka aiki ka ga abin da ta ce game da lasi. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago irin UNISON ka kira wakilinku, in ba ka ciki ka kira Acas, hukumar ba da shawara kan matsalolin aiki, ko ka je Citizens Advice, ofishin ba jama'a shawara, duk kyauta ne. Ka gaya musu har da maganar kwana 9 ɗin, su nuna maka yadda za ka faɗe ta. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne a tambaye ka ka musa. Shekara 3 da ka yi a wurin ta ba ka kariya daga korar da ba ta bi ƙa'ida ba, kuma fannin nan kullum cikin ƙarancin ma'aikata yake. Kana da daraja a wurinsu fiye da yadda tsoro ke gaya maka da dare.

Kada ka je hannu rabbana, ka je da mafita. Akwai gidajen da dole sai ma'aikata biyu sun shiga tare saboda ɗaga marar lafiya, ka nemi a haɗa ka da mai mota a irin wannan zagayen, abin da ka riga ka yi wata 4 a baya. Akwai zagayen ƙafa a unguwannin da gidajen ke kusa da juna. Akwai kwanan dare a gida ɗaya. Keke mai lantarki da ya cika ƙa'ida, wanda injinsa bai wuce wat 250 ba kuma yake daina turawa a gudun mil 15.5 a awa, ba ya bukatar lasi ko kaɗan. In kuma ka iya babur, da lasin koyo da horon kwana ɗaya da ake kira CBT za ka iya hawa mai ƙarfin cc 125 kai kaɗai da alamar L, in ka yi masa inshorar da ta haɗa da aiki. Sanyin arewacin Ingila a kan babur ba wasa ba ne, ban ce za ka ji daɗi ba. Abin da zan hana ka shi ne ɗan sikutan lantarkin nan na tsaye da ake saya a shago, domin hawansa a titi laifi ne da ke jawo maki, kai kuma ba ka da sauran wurin zuba maki. In manaja ya fara zancen sallama, a ranar ka nemi lauyan shige da fice mai rajista, ka kuma fara neman wani kamfanin da ke da izinin tsaya wa baƙi.

Maman yara ita ya kamata ta fara ji, kafin manaja, kafin inshora, daren yau. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka ce ba ka gaya mata ba don ta sha yi maka faɗa a kan waya. To, ƙanena, ta yi gaskiya, kuma za ta ce ai na faɗa maka, kuma haƙƙinta ne ta faɗa. Ka bar ta ta faɗa, kada ka kare kanka da zancen asibiti. Zafin wannan na dare ɗaya ne ko biyu. Wanda ba ya warkewa da wuri shi ne ta ji daga bakin ɗan sanda, ko ta gane cewa ka ɗauki 'ya'yanta a motar alhali ka san ba ka da lasi. Matar da ta baro danginta ta biyo ka, wadda zamanta a ƙasar ya dogara da aikinka, ba baƙuwa ba ce a wannan magana. Kuma ina tabbatar maka ta riga ta ga alama. Mace tana kwana kusa da mijin da ba ya barci ta kasa sani? Wataƙila abin da take zargi ya fi wannan muni. Ku zauna da biro da takarda ku lissafa watanni masu zuwa: awannin aiki za su iya raguwa, ga kuɗin jarrabawa da malami, ga inshora, a ɗaya gefen kuma kuɗin mai ya ragu. In ba ta tuƙi, wannan lokaci ne mai kyau ita ma ta nemi lasin koyo ku yi karatun tare, don gidan da ke da direba ɗaya tak a ƙasar nan kullum a kan siraɗi yake.

Ƙaninka ba shi da laifi, kuma ina jin ka sani. Yaron da ke tsaye a bakin gadon mahaifiyarsa ya kira yayansa, me kake so ya yi? Bai ga danja ba, bai ga ɗan sanda ba. Haushin kanka ne kake ji, ka rasa inda za ka sauke shi. Ka kira shi ka gaya masa abin da ya faru, domin shi ne zai riƙe gida in abin da kake aikawa ya ragu na 'yan watanni. Ku ware kuɗin maganin Hajiya a matsayin abin da ba a taɓawa, sauran hidimomi su jira ko 'yan'uwa su kama. Ita Hajiya ba sai an ɗora mata wannan tana jinya ba, in ta warware ka ba ta labari da bakinka. Ku kuma yi yarjejeniya: in magana ta gaggawa ce ya kira sau biyu a jere, kai kuma ka nemi wuri ka faka ka kashe mota ka kira shi. Minti 3 ba za su canza komai a Zariya ba.

In ka ci jarrabawar kwamfuta ka rubuto mini in ji, mu ga inda maganar aiki ta tsaya. Makullin motar kuwa, bayan kun gama magana daren yau ka miƙa wa maman yara ta ajiye a wurinta, don na san ƙarfe shida na safe, in ruwa na sauka kuma bas ya yi latti, zuciya za ta ce maka yau kaɗai. Ka gaishe mini da ita, a kuma yi wa Hajiya sannu.

Anti